Me ya sa fim ɗin da ya yi a kwamfuta yake ƙin yi a akwatin tele?

Gidaje da yawa a Maradi sun daɗe da barin faifan sidi. Fina-finan Hausa, da na Indiya masu fassara, da tafsirin watan azumi, da bidiyon bikin 'yar gida, duk sun koma zama cikin filashi, ko katin memori, ko babban faifan ajiya da wani ɗan gidan ya cika ya ajiye bayan tele. Idan kayan suka taru, nemo abu ɗaya a cikinsu kan zama aiki. Shi ya sa samari masu ɗan sanin kwamfuta suke ɗora wa gidajensu manhajar da za ta jera komi, ta sa wa kowane fim hoto da suna, ta kuma tuna wa mutum inda ya tsaya jiya. Kodi ce aka fi sani, sai Plex da Jellyfin da Emby.

Ƙorafin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a kowane gida. Fim ya tafi sumul a kwamfutar yaya, an kawo shi ɗan akwatin Android da ake jona wa telen falo yana tsinkewa. Ko hoto ya fito babu murya. Ko rubutun fassara ya fito lafiya a salula, a tele kuma duk inda ƙ ko ɗ take sai wani ɗan murabba'i ya tsaya a gurbinta. Mai gida ya duba ya ga suna ɗaya ne, tambari ɗaya, har launin allon ɗaya, sai ya yanke hukunci: ko dai mai shago ya sayar masa da jabu, ko yaron da ya haɗa kayan bai iya ba. Wani lokaci da gaskiyarsa a kan jabun, kuma zan zo wurin. Amma galibi dalilin yana can ƙarƙashi. Babban rabon aikin da ake gani manhajar tana yi, arowa take daga na'urar da aka sa ta, kuma ba kowace na'ura ke da abin bayarwa ba. Manomi ya san haka: irin gero ɗaya ne, amma abin da zai ba ka a gefen Gulbi daban, abin da zai ba ka a jigawa daban.

Tarihin Kodi kansa ya nuna inda matsalar ta faro. Tushenta yana 2002, lokacin da wasu masu sha'awa suka rubuta manhajar kallon bidiyo don na'urar wasa ta Xbox ta kamfanin Microsoft. Daga baya ta zama XBMC, a 2014 kuma aka canza mata suna zuwa Kodi. A zamanin Xbox babu wanda ya yi kukan bambanci, domin duk Xbox ɗin duniya kayan cikinsu kusan ɗaya ne. Abin da ya yi a ɗaya zai yi a saura. Da aka fara kai ta Linux da Mac da Windows, sannan Android da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, sai manhaja ɗaya ta sami kanta a kan dubban na'urori da ba su san juna ba. Plex daga reshen XBMC na Mac ta ɓalle wajen 2008 ta zama kamfani. Emby ta rufe rubutun manhajarta a 2018, wasu daga cikin masu amfani da ita ba su ji daɗi ba, suka ɗauki abin da ke buɗe suka kafa Jellyfin a watan Disamba na shekarar. Aiki ɗaya suke yi, amma kowacce ta zaɓi tata hanyar fuskantar wannan tarin na'urori.

Wurin da ya fi kowane muhimmanci shi ne matse bidiyo. Fim ɗin awa biyu, da za a ajiye shi yadda kyamara ta ɗauko, da ya cinye ɗaruruwan giga. Don haka ake matse shi, a lokacin kallo kuma na'ura ta riƙa warware matsin, hoto ashirin da huɗu ko ashirin da biyar ko fiye a cikin kowace daƙiƙa. Salon matsewar ba ɗaya ba ne. H.264 ya fito a 2003, kuma yau da wuya ka sami na'urar kallo da ba ta san shi ba. H.265, wanda ake kuma kira HEVC, ya zo a 2013 da niyyar ba da kyan hoto iri ɗaya a kusan rabin girman. AV1 ya biyo baya a 2018. A garin da ake lissafa data kamar yadda ake lissafa kuɗin cefane, kowa ya san wanda za a zaɓa: wanda ya sauko da fim daga intanet ƙaramin yake nema, masu tura fina-finai a kasuwa su ma ƙaramin suke so don katin mai saye ya ɗauki da yawa. Ƙaramin nan sau da yawa H.265 ne. Ke nan tsadar data ce take tura mu zuwa salon da tsofaffin akwatunanmu suka fi shan wahala da shi.

Hanya biyu na'ura ke bi ta warware matsi. Ko dai a cikin ƙwaƙwalwarta akwai wani sashe da aka ƙera musamman don wannan salon, ya yi aikin cikin sauƙi ba tare da ɗaukar zafi ba, ko kuma babu, sai babbar ƙwaƙwalwar ta yi shi da ƙarfin tsiya. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai ɗan ƙarfi tana iya yin na biyun ba tare da mai kallo ya lura ba, illa fanka ta ɗan ƙara gudu. Ɗan akwatin Android mai araha ba shi da wannan ƙarfin. Idan sashen musamman bai san salon ba, sai hoto ya riƙa tsalle, murya ta wuce baki, akwatin ya yi zafi. A watan Afrilu da Mayu, da zafin Maradi ke haura digiri 40, akwatin da ba shi da fanka yana rage wa kansa gudu don kada ya ƙone, shi ya sa wani fim zai fara lafiya, bayan rabin awa ya soma sarƙewa. Mutane su ce filashin ne ya lalace.

Wani zai ce ai Kodi ɗaya ce, me ya hana ta yi magana da sashen musamman a ko'ina? Injin da ke cikinta na karanta bidiyo, FFmpeg, ɗaya ne a duk inda take. Ƙofar da ake bi a kai ga sashen ce ta bambanta. A Windows ana bi ta DXVA, a Linux ta VAAPI, a na'urorin Apple ta VideoToolbox, a Android ta MediaCodec. Kowace ƙofa sai an rubuta mata nata aikin daban, an gwada daban, kuma gyaran da aka yi wa ɗaya ba ya isa ga saura. A Android abin ya fi rikicewa, domin abin da ke bayan ƙofar wanda ya ƙera akwatin ne ya haɗa shi. Akwatuna biyu na iya ɗaukar ƙwaƙwalwa iri ɗaya, ta Amlogic ko Rockchip ko Allwinner, ɗaya ya yi aiki mai kyau, ɗayan kuma a haɗa shi cikin gaggawa a jefa kasuwa, ba za a sake aiko masa da gyara ba har ya mutu. Ko a cikin salo ɗaya ma akwai rabe-rabe: akwai H.265 mai zurfin launi 8, akwai mai 10 da ya fi shi yawan launuka, kuma wasu tsofaffin akwatuna na farkon kaɗai suka iya. A jikin kwali dai H.265 aka rubuta, ba a yi ƙarya ba, ba a kuma faɗi duka ba.

Raspberry Pi misali ne mai kyau, saboda kamfani ɗaya ne kuma ba ya ɓoye abin da ke ciki. Pi 3 ba ta da sashen H.265. Pi 4 ta 2019 ta zo da shi. Pi 5 ta 2023 ta riƙe na H.265 amma aka cire mata na H.264, bisa hujjar cewa babbar ƙwaƙwalwarta ta yi ƙarfin da za ta iya da kanta. Uku daga gida ɗaya, kowacce da yadda take karɓar fim ɗaya.

Murya kuma nata labarin daban ne, kuma ita ce ta fi jawo rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa. A wani shagon kayan lantarki kusa da babbar kasuwa na ji wani dattijo ya dawo da akwati a leda.

"Malam, wanga akwati naka bai yi ba. Yaro ya kalli fim ga kwamfuta lafiya lau, mun sa shi ga tele, baki na motsi ba mu jin komi."

"Alhaji, duka fina-finan ne ko wasu?"

"Na Hausa suna yi. Na Turawan ne."

"To ranka ya daɗe, a bar shi nan, ba sai an canza ba. Wuri guda zan taɓa."

Mai shagon ya jona akwatin, ya shiga saitin sauti, ya kashe abu ɗaya, murya ta fito. Abin da ya faru shi ne, fina-finan gida galibi muryarsu mai sauƙi ce, AAC ko MP3, ta lasifika biyu. Na waje kan zo da Dolby ko DTS, waɗanda aka shirya don lasifika shida. Kodi tana da zaɓi biyu: ta warware muryar da kanta ta haɗe ta zuwa lasifika biyu, ko ta miƙa ta yadda take ta wayar HDMI, tele ko amfilifaya ta warware. Idan an kunna miƙawar alhali telen ba ta san salon ba, sai shiru, ko wata ƙara mai kama da ruwan sama a kan kwano. Sanin salon kuwa batun lasisi ne, sai kamfanin tele ya biya. Samsung ta daina sa DTS a telolinta tun daga na 2018, don haka sabuwar tele mai tsada na iya kasa abin da tsohuwa ke yi. Akwai kuma wani abu da ke damun masu kallo da dare: a tsarin lasifika shida, maganar 'yan wasa tana fita ne ta lasifikar tsakiya. Idan na'ura ba ta haɗe su da kyau ba, sai magana ta yi ƙasa, harbi da kiɗa su tashe maƙwabta. Yadda ake wannan haɗin ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura.

Duk wannan batun ƙarfe ne. Akwai kuma batun izini, wanda ni ya fi ba ni haushi, saboda a nan na'urar za ta iya, mai ita ne aka hana. Kodi ba ta cikin kasuwar manhajoji ta Apple. Mai iPhone da ke son ta sai ya bi doguwar hanya ta kwamfuta, kuma idan da asusun kyauta ya sa hannu, bayan kwana 7 sai ya sabunta. Amazon ta cire ta daga kasuwarta a 2015 bisa zargin tana sauƙaƙa satar fasaha, don haka mai sandar Fire TV sai ya ɗora ta da hannu. A telolin Samsung masu tsarin Tizen babu Kodi, haka a na'urorin Roku. Telolin LG sai a Kodi 21, wadda ta fito a 2024, aka fara kai ta can, ita ma ta ƙofar masu ƙera manhaja ake shigar da ita. Google kuma, daga Android 11, ta ƙuntata yadda manhaja ke leƙa ma'ajiyar na'ura, ta yadda babban fayil ɗin da ake gani a tsohon akwati zai iya ɓacewa a sabo. Microsoft ta daina kunna tsohuwar hanyar raba fayiloli ta SMB1 a sabbin Windows 10 a 2017, shekarar da harin muguwar manhajar WannaCry ya bi ta cikinta ya yi ɓarna a duniya. Matakin daidai ne, amma tsohon akwatin da ita kaɗai ya sani ya wayi gari ba ya ganin kwamfutar ɗakin da ke kusa.

Filashi ma yana da nasa. Wanda aka tsara da FAT32 kowace na'ura na karanta shi, amma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4. NTFS da exFAT suna karɓa, sai dai wata tele ta san wannan ba ta san wancan ba. Batun Netflix da ire-irenta ba zan daɗe a kai ba, tunda ba su ne abincin yau da kullum a nan ba: suna dogara da makullin Widevine na Google, kuma akwatin da ba shi da babban matakinsa, L1, ƙaramin hoto kawai za a ba shi, ko da an rubuta 4K da manyan baƙaƙe a kwalinsa.

Yanzu ga jabun. Akwai akwatunan da ake gyara wa allon bayani su nuna sabon Android da ƙwaƙwalwa mai yawa, alhali a ciki tsohon kaya ne. Wannan yana da tasiri kai tsaye, domin tun Kodi 17 ta 2017 ake buƙatar aƙalla Android 5, kuma akwatin da ke ƙasa da haka a Kodi 16 zai tsaya har abada. A 2023 masu binciken tsaro sun nuna cewa wasu akwatuna masu araha, ciki har da samfurin T95, suna fitowa da muguwar manhaja tun kafin a buɗe kwali, tana amfani da intanet ɗin gida ba da sanin mai shi ba. Mai shagon Maradi da ya saro kaya daga Kano ko Katsina ba shi ya ƙera ba, sau da yawa shi ma bai sani ba. Amma wanda datarsa ke ƙarewa ba dalili tun da ya jona sabon akwati da wifi, ya kamata ya yi tunani a nan.

A ce ma na'urorin gidan duka nagari ne. Saura bambancin zubi, wato lambar da ke bin sunan Kodi. Kodi 19, wadda ta fito a Fabrairun 2021, ta koma amfani da Python 3, harshen da ake rubuta ƙananan manhajojin da ake ɗora mata. Duk wadda mai ita bai sabunta ba ta daina aiki. Gidan da kwamfuta ta sabunta kanta, akwati kuma ya tsaya a 18, sai ka ga abin da ke aiki a falo ya mutu a ɗaki, wani kuma akasin haka. Sannan kowace Kodi tana riƙe da nata kundin, na abin da aka kalla da inda aka tsaya, a cikin na'urar da take. Hajiya ta kai kashi na goma na wani shiri a tele, ta ɗauki salula, salular ba ta san an fara ba. Ana iya haɗa su a kundi ɗaya ta manhajar ajiye kundi irin MySQL ko MariaDB, amma kowane babban zubi da lambar kundinsa: na Kodi 19 yana ɗauke da 119, na 20 yana da 121, na 21 yana da 131. Na'ura ɗaya ta yi gaba, ta buɗe sabon kundi ita kaɗai, sauran su ci gaba da rubutu a tsohon, gida ya rabu biyu ba wanda ya lura sai bayan mako.

Plex da Jellyfin da Emby sun ce bari su kashe wannan matsala daga tushe. A tsarinsu kwamfuta ɗaya ce uwar garke: ita ke riƙe da fina-finai da kundi, sauran na'urori 'yan kallo ne kawai. Idan tele ba ta san salon wani fim ba, uwar garken ta juya shi nan take zuwa wanda ta sani. Dabara ce mai kyau, kuma ta fi Kodi kawo daidaito a abin da ido ke gani. Sai dai tana tsaye ne a kan abubuwa biyu da aka ɗauka kowa na da su, wuta da intanet. Juya fim nan take aiki ne mai nauyi, yana son kwamfuta mai ƙarfi da ke kunne duk lokacin da wani zai yi kallo. Wutar yankinmu daga Katsina layinta ya taso, kuma ba mu manta abin da ya faru daga Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024. Gidan da ke kan sola da batir ɗaya zai iya riƙe tele da ɗan akwatin da ke cin wat kaɗan har tsakar dare. Ƙara masa babbar kwamfuta mai juya bidiyo wani lissafi ne daban.

A nan Plex da Jellyfin suka rabu. Plex tana son a shiga ta asusun da ke kan intanet. Idan layi ya yanke kuma ba a riga an saita ta ta amince da na'urorin cikin gida ba, mutum na iya kasa buɗe fim ɗin da ke kan faifansa, a cikin ɗakinsa. Amfani da sashen musamman wajen juya bidiyo sai mai biyan Plex Pass, kuma daga Afrilun 2025 kallon kayanka daga wajen gida shi ma ya koma na kuɗi. Jellyfin kyauta ce gaba ɗaya, asusunta a cikin gida yake, ba ta neman izinin kowa. A ganina ita ta fi dacewa da mu. Amma ita ma ba ta tsira ba: manhajarta ta Android TV daban, ta Roku daban, ta iPhone mai suna Swiftfin daban, kowacce da 'yan sa-kan da ke kula da ita. Abin da aka ƙara a ta burauza yau, yana iya ɗaukar watanni kafin ya isa ta tele.

Wani ƙaramin abu da ɗaukewar wuta ke jawowa, wanda masu gyara da yawa ba sa kawowa a rai, shi ne agogo. Akwatuna masu araha da Raspberry Pi har zuwa ta 4 ba su da batirin riƙe lokaci. Wuta ta dawo, intanet bai dawo ba tukuna, akwatin ya farka da tsohuwar kwanan wata. Amintattun shafuka kuwa suna duba kwanan wata kafin su yarda da na'ura, sai komi da ke buƙatar intanet ya ƙi, alhali a salula, wadda ke karɓar lokaci daga layin waya, yana yi. Gyara kwanan wata kawai ake buƙata.

Sai abin da ya shafe mu mu kaɗai, wanda ba na tsammanin wani a Turai ko Amurka zai gyara mana. Baƙaƙen nan namu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna buƙatar abu biyu kafin su fito a ƙasan allo: a ajiye fayil ɗin fassarar da tsarin UTF-8, kuma salon rubutun da na'urar ke amfani da shi ya ƙunshe su. Kwamfuta tana da salon rubutu da yawa, idan ɗaya ya gaza ta aro daga wani. Tele da akwati kaɗan gare su. A Kodi ana iya zuba salon rubutun da ya san Hausa a zaɓe shi, kuma tun zubi na 20 na 2023 an sake gina sashen fassarar ya ƙara kyau. A manhajar da ke zaune cikin tele kuwa, sau da yawa abin da kamfanin ya sa shi ke nan. Haka hotuna da bayanan fim. Waɗannan manhajoji daga rumbuna irin su TMDB suke ɗauko su, inda kusan kowane fim ɗin Amurka ko Indiya yake da shafi. Fina-finan Hausa da yawa ba su ciki, sai manhaja ta laƙaba wa fim ɗin Kano hoton wani fim ɗin waje mai kama da sunansa, ko ta bar shi babu komi, ko ma ta ƙi nuna shi a jeri. Kodi tana karanta ɗan fayil ɗin bayani mai suna NFO da mutum zai rubuta ya ajiye kusa da fim, Jellyfin da Emby ma haka. TMDB kuwa jama'a ne ke cika shi, kowa na iya buɗe asusu ya ƙara fim. Ina ganin wannan aiki ne da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo za su iya ɗauka, su shigar da ayyukan Hausa na Nijar da Najeriya da sunayen waɗanda suka yi su daidai. Kuma tunda an zo nan, wanda ya damu har ya jera fim ɗin Hausa da hoto da suna a gidansa, ya dace ya damu da ko kuɗinsa ya kai ga waɗanda suka sha rana suka shirya shi.

Ban ga laifin masu rubuta Kodi ko Jellyfin a cikin yawancin wannan ba. 'Yan sa-kai ne, suna aiki bayan sun tashi daga nasu aikin, kuma mutum yana gyara na'urar da ke gabansa ne. Akwatin da ba shi da suna, wanda aka saro a kwali ɗari, babu ɗayansu da ya taɓa riƙe shi. Abin da suke iya yi sun yi: akwai LibreELEC, da aka kafa a 2016, da CoreELEC ta akwatunan Amlogic, waɗanda ƙaramin Linux ne da ba ya komi sai tayar da Kodi. A akwatunan Amlogic da yawa ana iya tayar da CoreELEC daga katin memori ba tare da an goge Android ɗin ciki ba, kuma da yake an kauce wa haɗin gaggawar mai ƙera akwatin, sau da yawa hoto da murya sun fi daidaita. Ba kowane akwati ke karɓa ba, sai an duba sunan ƙwaƙwalwarsa ta gaskiya.

Ga wanda zai saya, shawarata ya je kasuwa da filashin gwaji a aljihu. A ciki ya sa gajeren bidiyo na H.264, da na H.265 mai zurfin launi 10, da wani mai muryar DTS, da fayil ɗin fassara mai ƙ da ɗ a ciki. Ya ce wa mai shago, Malam, a jona mu gani, kuma ya bar mai nauyin ya yi tafiya na ɗan lokaci har akwatin ya ɗauki zafi, tunda minti biyun farko ba sa nuna komi. Ga wanda kuma ya riga ya tara na'urori iri-iri a gida, ya fi sauƙi ya daidaita fina-finan da ya yi ta fama da na'urorin. Manhajar HandBrake kyauta ce, tana juya bidiyo zuwa H.264 mai zurfin launi 8 da muryar AAC ta lasifika biyu, wanda tsohuwar tele da salular yara da akwatin falo duk za su karɓa. Fayil ɗin zai ƙara girma, amma sau ɗaya za a yi aikin, da rana lokacin da sola ke da ƙarfi, kuma abin da ya fi cancanta a fara da shi shi ne bidiyon aure da na suna da karatun da ba za a sake samu a wani wuri ba. Idan Kodi ce a na'ura fiye da ɗaya, a kashe sabuntawar kai-tsaye a dukansu, a bar su a zubi ɗaya, ranar da za a ɗaga a kwafi kundin a ajiye tukuna sannan a ɗaga su tare.